Ƙwallon da Bai Tsaya Ba

Dona Zuleide ba ta iya gaisuwa a waya ba. Ina ɗauka sai ta ce, "Nivaldo, hukuma ta ce bayan ranar Asabar babu motar da za ta sake shiga unguwar Pitanga. Ka zo ka ɗauke teburin."

Na ce, "Ƙwallon fa?"

Ta ce, "Bai faɗa ba tukuna. Ka taho da sabon ƙyalle, wancan ya mutu."

Sana'ata ke nan, gyaran teburin sinuka, wasan nan da ake tura ƙwallaye cikin ramuka da sanda. In ɗaga, in sauke, in daidaita ƙafa, in sake shimfiɗa. Na shagon Dona Zuleide kuwa tun gashina yana baƙi nake kula da shi. Tsohon tebur ne irin mai cin fisha: ka sayi ɗan ƙarfen a kanta, ka jefa a bakinsa, ka ja mariƙi, ƙwallaye su gangaro da ruri kamar an juye buhun kwakwa. Wanda duk ya faɗa rami ya kulle ke nan a ciki sai an sake jefa wata fishar. Katakonsa baƙi ne mai nauyin tsiya, irin wanda yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Na zamanin nan da ake yi da garin katako, ka yi atishawa kusa da su sai sun karkace.

Kowa ya san dokar wasan a mashayunmu. Wanda aka cinye bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba, ƙarƙashin tebur zai bi da rarrafe, ya shiga ta nan ya fita ta can. Mijin Dona Zuleide, marigayi Seu Genésio, shi ne sarkin bin ƙarƙashi. Ya tsufa da tebur a shagonsa amma bai iya wasa ba, yana riƙe sanda kamar mai korar kaji. Abokin wasansa kullum shi ne Seu Aderbal mai aski, uban baftismar 'yarsa, dogo mai farin wando da karin guga. Saboda baftismar nan suke kiran juna kompadre, Zuleide kuwa komadre yake ce mata. Aderbal bai taɓa sa gwiwa a ƙasa ba, kuma yana so kowa ya sani. Zuleide kuwa ta gaji da yi wa wandunan mijinta faci a gwiwa.

Ranar da abin ya faru ina wurin, da idona na gani. Ban san abin da ya shiga hannun Genésio ba. Ya ɗauki rawaya, Aderbal ya ɗauki ja, sai ga Genésio yana jefa nasa ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka aiko. Jajayen Aderbal duk suka taru suka jingina da gefen da ke kallon tafki, ko ɗaya bai shiga ba. Ya rage rawaya ɗaya. Shago ya cika har ƙofa, mai sayar da kifi ma ya bar kwandonsa a titi. Genésio ya goga alli a bakin sanda, ya dubi aminin nasa ya ce, "Kompadre, fara naɗe wandon nan." Ya sunkuya, ya buga a hankali zuwa ramin tsakiya, sai ya yanke jiki ya faɗi. Muka yi kansa gaba ɗaya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa, kuma babu wanda ya waiwayi teburin.

Sai bayan addu'ar bakwai muka koma shagon. Rawayan yana nan, kimanin kamu ɗaya tsakaninsa da ramin. Zuleide ta ce, "Kompadre, ai bai shiga ba, bugunka ne. Ƙarasa a share teburin." Aderbal ya ɗauki sanda ba don yana so ba. Yana sunkuyawa sai kofunan da ke kan kanta suka ɗan yi ƙara, irin 'yar girgizar nan da muka fara sabawa da ita a lokacin. A gaban idonmu rawayan ya ɗan juya, ya matsa wajen ramin kamar faɗin ƙwayar wake. Aderbal ya miƙe, ya mayar da sandar ma'ajiyarta.

Ya ce, "Bai tsaya ba. Ba a bugu alhali ƙwallo yana tafiya."

Tun daga ranar ba a sake jefa fisha a teburin nan ba. Zuleide ta hana ko a kaɗe masa ƙura. Ni ma da na zo da 'yan katakaina zan ɗaga ƙafar teburin da ta nutse kamar yadda na saba, ta tare ni da tsintsiya. Raina ya ɓaci, na ce musu, "Haba jama'a, ku manya ne fa! Ƙasa ce ke zaftarewa wajen tafki. Kamfanin nan ya zuƙe gishirin da ke ƙarƙashinku ya bar rami, teburin ya karkata, in an girgiza dole ƙwallo ya gangara. Babu wani Genésio a nan."

Aderbal ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, ƙasar ce. Wa ya ce maka ba ita ba ce? Wa ya tura ƙwallon tun farko?"

"Genésio."

"Ya tsaya?"

Na tattara katakaina na fita ina gunaguni.

Shekara uku da wani abu ana haka. Bangaye suka tsattsage, aka zo ana shafa wa gidaje jan fenti alamar a tashi, mutane suka yi ta tashi layi bayan layi. Kowa in zai tafi sai ya cire ƙofarsa da tagoginsa da rufinsa, ya bar bango tsirara. Zuleide ita kaɗai ta rage a layinsu. Aderbal da aka mayar can bayan gari wajen ɗansa, bas biyu yake hawa kullum ya zo ya zauna a gaban teburin. Da farko na zaci tsoron faɗawar ƙwallon ne yake kawo shi. Wata rana da na rage masa hanya ya gaya mini gaskiya. Gwiwoyinsa sun fara ƙin lanƙwasuwa, likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Kullum da safe sai ya dafa gado ya durƙusa ya tashi, don kada su manta.

Ya ce, "Sau ɗaya tak mutumin nan ya samu ya kayar da ni, Nivaldo. In ƙwallon ya faɗa ranar da ba na iya durƙusawa, na cuce shi. In na riga ƙwallon tafiya, na cuce shi. Da wane ido zan dube shi a can?"

Ranar Asabar da safe muka shiga Pitanga ni da Lourival, mijin ƙanwata, wanda nake ɗauka in aiki na nauyi ne, don Allah ya ba shi ƙarfi ya hana shi kunya. Na tsani unguwar nan yadda ta koma. Hantsi ya yi amma babu ko kukan kare. Ciyawa ta fasa kwalta, bishiyar gwanda ta fito ta tagar wani ɗaki, a wani bangon kuma ga madubi an manta da shi yana kallon titi. Ƙarar motarmu tana dukan bangaye tana dawo mana kamar wata motar ce ke bin mu. Lourival da bakinsa ba ya hutawa, har shi ya kashe rediyo.

A ƙofar shagon masu kwance rufi suna zaune a inuwa suna jiran mu fitar da tebur su hau. A ciki Aderbal yana kan kujerarsa, farin wandon nan ya sha guga. Ƙyallen teburin ya koɗe ya koma kalar busasshiyar ciyawa, ƙura ta lulluɓe shi, sai siririn layi ɗaya da rawayan ya ja a cikinta tun daga inda ya taso. Tsakaninsa da bakin ramin bai fi yatsa biyu ba.

Lourival ya leƙa ya ce, "Tabɗi! Wannan ai ko tusa aka yi zai faɗa. Dona Zuleide, ki ba ni izini in yi tsalle ɗaya da tumbin nan nawa, mu gama mu tafi."

Aderbal ya ce, "Yi tsallen ka gani, in aske ka ba ruwa."

"Haba Seu Aderbal, taimakon juna ne. Ko ni in hura masa iska, wa zai sani?"

"Ɗan kallo ya taɓa, wasa ya ɓaci. A gidanku ba a koya maka ba?"

Zuleide ta ce, "Ku ba shi zuwa rana ta karkata. Jiya da yamma an ɗan girgiza, ƙila a ƙara. Ku zauna, na dafa rogo."

Muka zauna. Muka ci rogo da soyayyen busasshen nama, muka sha kofi, kowa yana ajiye kofinsa a hankali kamar akwai jariri yana barci. Ni da nake cewa babu wani Genésio, sai ga ni ina kallon ƙwallon nan ina roƙo a zuciyata ƙasa ta motsa. Ka ji fa, mutum yana roƙon girgizar ƙasa a ƙarƙashin rufin da ya tsage. Wani lokaci sai in ga kamar ya juya, in na ƙifta ido in ga yana nan inda yake. Har iska ta ɗauke ranar, ko ganye ba ya motsi.

Masu rufi suka fara buga ƙafa a waje. Mai gadin unguwar ya zo a babur ya ce in rana ta faɗi zai rufe shinge, duk motar da ke ciki ta zama ta ciki. Na dubi Zuleide, ta kau da kai. Na ciro zare na auna wurin kowane ƙwallo daga gefuna biyu, ina ƙulli ina sa alama, na bar rawayan a ƙarshe. Na bi a hankali don kada zaren ya shafe shi.

Na ce, "Na gama. Sai a ɗauke."

Babu wanda ya motsa. Lourival ya sa hannuwa a aljihu ya ce shi dutsen tebur aka kira shi ɗauka, ba ƙwallo ba. Aderbal ya cire tabarau yana gogewa. Zuleide ce ta matso, ta goge hannu a zanen girkinta, ta ce, "Yi haƙuri, Genésio, an kore mu." Ta ɗauke rawayan ta sa a aljihu. Inda ya tashi, ɗan ɗigon kore shar ya bayyana, kalar ƙyallen ta asali.

Daga nan sai aiki. Na kwance gefuna shida, na buɗe ƙofar ciki, na sami sauran rawayen Genésio a jere a kwararonsu yadda ya jefa su. Ƙyallen kuwa ina kama bakinsa ya yage a hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Muka zura igiyoyi muka ɗaga dutsen, shi ne ran teburin, falle ɗaya ne mai faɗi, in ya fashe an gama. Lourival yana nishi yana zagin wanda ya ƙirƙiro sinuka da uwarsa. Da na shiga ƙarƙashi in kwance ƙafafu, sai na ga katakon da ya gitta ta tsakiya ya yi sumul yana sheƙi a wuri ɗaya, alhali sauran duk yanar gizo ce. Bayan Genésio ne ya goge shi haka a tsawon shekaru. Na shafa wurin, na yi sauri na fito. Kafin mu ɗaure kaya a mota har masu rufi sun hau sama.

Ranar Litinin na je sake shimfiɗa. 'Yarsu Marluce ta gyara garejin gidanta a can kan tudu, tana so uwar ta ɗan riƙa sayar da giya da soye-soye don kada zama ya kashe ta. Ita shuɗin ƙyalle take so, wai shi ake yayi. Zuleide ta ce kore, magana ta ƙare. Aderbal ya riga ni zuwa.

Na kankare tsohon gam daga dutsen har ya yi fes. Inda ya ɗan ɓantare na narka kakin zuma na cike, na bi da wuƙa na share. Shimfiɗa ƙyalle ba a yi masa gaggawa. Ka manna kai ɗaya, ka je ɗaya kan ka ja da dukan ƙarfinka, sannan gefe da gefe, kana shafawa da tafin hannu kana neman inda ya tattare. Bakin ramuka ne wurin da ake gane gwani, don in ka tsaga ya wuce da kaɗan, ka yi asarar yadi guda. Na rufe gefuna shida ɗaya bayan ɗaya, na mayar na ɗaure. Sannan na ɗora ma'aunina mai ɗigon ruwa, a tsaye, a kwance, a karkace, ina ɗaga ƙafa ina saukewa har ɗigon ya zauna a tsakiya ta ko'ina. Ba yabon kai ba, teburin ya fito kamar ranar da aka ƙera shi. Amma ban ji daɗin da na saba ji ba.

Na bi zarena na mayar da jajayen wurinsu, na mayar da farin da ake bugawa da sanda. Zuleide ta ciro rawayan daga aljihu ta ɗora inda na nuna mata, yatsa biyu daga ramin tsakiya. Muka ja da baya muna kallo. Ƙwallo ne kawai a kan sabon ƙyalle.

Na ga gara in faɗa musu tun yanzu. Na ce, "Dona Zuleide, nan dutse ne a ƙarƙashinku, kuma teburin ya daidaita. Ko shekara ɗari za a yi, ƙwallon nan ba zai motsa ba. Amma in kina so, in ɗan cusa kwali a ƙafa biyun can, ko kaurin farce bai kai ba. Kafin ki dafa kofi ya faɗa."

Ta ce, "Bugunka ke nan, ba nasa ba."

Aderbal ya ce, "Komadre ta yi gaskiya. Ni ba zan bi ƙarƙashi don kwali ba."

Na ce, "To ku yi ta zama!" Na juya ina tattara kayan aikina da ƙarfi, don haushin kaina nake ji ba nasu ba. Ni na kashe bugun nan da ma'aunina, kuma aikina ne in yi haka.

Ina cikin naɗe ragowar yadi, wajen la'asar, sai na ga ruwan da ke cikin kofin Aderbal ya ɗan yi rawa. Shi ke nan abin da muka ji a kan tudu. Ba a jima ba wayar Marluce ta fara ƙara, ta fito daga kicin tana cewa an yi babbar girgiza a Pitanga, wadda ba a taɓa yin irinta ba, bangon coci ya zube, ruwan tafki ya hau titin bakin gaɓa. Mu uku teburin muke kallo, rawayan yana nan daram a inda aka ajiye shi.

Zuleide ta zauna a kan akwatin giya. A hankali ta ce, "Genésio bai biyo mu ba. Can muka baro shi, yana ta bugu babu tebur."

Aderbal ya juyo gare ni. "Nivaldo, kai ka san karkatar teburin nan fiye da kowa. Kada ka yi mini kara. Da yana can yau, da ya faɗa?"

Na ce, "Ko rabin wannan aka yi da ya faɗa."

"Ka tabbata?"

"Na rantse da kabarin uwata."

Ya ɗauki hularsa ya ce, "To kai ni."

Marluce ta ce ba su da hankali, wurin da kowa ke gudu su za su nufa. Uwar ba ta ko dube ta ba, ta zura silifas ta riga mu shiga mota. Ni ma na san wauta ce, amma na tayar da motar.

A bakin shinge babu mai gadi. Kujerarsa tana kwance a ƙasa, rediyonsa yana ta magana shi kaɗai. Muka bar motar muka ratsa ta gefe da ƙafa, Aderbal yana dafe da kafaɗata. Sabuwar tsaga ta raba titin gida biyu, ƙurar da ta tashi ba ta gama kwanciya ba, ga warin laka daga tafki. Tsoro nake ji sosai, ba zan ɓoye ba. Kowace ƙofa da muka wuce sai in ji kamar akwai mai tsayuwa a ciki yana jiran mu gifta ya biyo mu, kamar dai yadda mutane suke biyo baya in an ji ana babban wasa.

Shagon yana nan a tsaye, babu rufi babu ƙofa. Rana ta shigo ta sama ta haske daɓen. A tsakiyar ɗakin ga tabo huɗu masu haske inda ƙafafun teburin suka zauna shekara da shekaru, siminti bai taɓa ganin datti a wurin ba. Zuleide ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ita ba za ta shiga ba.

Aderbal ya miƙa mini hularsa da tabaransa. Ya je ya tsaya tsakanin tabo biyu na kai, ya ɗan ja wandonsa sama, ya kama hannuna. Saukarsa ta ɗauki lokaci. Na ji gwiwar dama ta yi ƙara, ya cije leɓe, gumi ya keto masa. Da ta hagu ta taɓa ƙasa sai ya ce, "Sake ni. Ba a riƙe mutum."

Na sake shi. Ya dafa tafukansa a ƙura, ya sunkuyar da kai sosai don kada ya bugi katakon gaba, ya shiga. Babu komai a samansa sai sararin sama, amma ya lanƙwasa bayansa daidai tsayin teburin, bai ɗaga ko kaɗan ba. Yana ja yana hutawa, farin wandon yana kwasar ƙasa. Da ya kai tsakiya ya ƙara yin ƙasa da bayansa, wurin katakon da ya gitta. Nan ya tsaya. A daidai lokacin na ji wani abu ya gangara a hankali ya faɗa da ɗan ƙara mai nauyi. Ƙila tsakuwa ce ta zubo daga bangon maƙwabta, bangayen duk a sake suke. Ban waiwaya na duba ba, kuma ban tambayi kowa ko ya ji ba.

Ya ci gaba har kansa ya wuce tabo biyun ƙarshe, sannan kafaɗu, sannan ƙafafu. Sai da ya tabbatar ya fita gaba ɗaya ya ɗago kai. Na matsa zan ɗaga shi, ya ture hannuna.

Ya ce, "Haka ake yi? Shiru?"

Na ce, "Me kuma ya rage, Seu Aderbal?"

"Ni ban taɓa barinsa ya fito shiru ba. Ko sau ɗaya. Sai na tara masa jama'a, ana buga sanduna a ƙasa, ana yi masa ihu har a ji a bakin tafki. Haƙƙinsa ne yau. Yi mini ihu, Nivaldo."

Na buɗe baki. Ni da ba a rasa ni da baƙar magana, na nemi ko guda na rasa. Ga tsoho a durƙushe a ƙura yana kallona, ga unguwa shiru kamar maƙabarta. Abin da ya fito wani ɗan sauti ne da ni kaina na ji kunyarsa.

Sai na ji fas! a bayana. Zuleide ce ta cire silifas ɗinta ta maka wa bangon ƙofa. Ta sake makawa.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ihu jama'a! Ku fito ku gani! Mai aski ya sha ƙasa!"

Muryarta ta bi layin nan da babu kowa, ta daki bangaye ta dawo.

"Ina karin gugar, kompadre? Ina farin wandon? Ko ɗaya ba ka jefa ba, ko ɗaya! Genésio da ba ya iya riƙe sanda, shi ya sa ka rarrafe kamar ɗan akuya! Pitanga, kuna ina? Ku fito ku ga Aderbal a ƙasa!"

Hawaye yana zuba har haɓarta, ba ta share ba, ba ta kuma rage murya ba. Aderbal ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza, ban iya gane ko dariya yake ko kuka ba. Da ta tsaya ta ja numfashi sai ya ɗago hannu ɗaya daga ƙasa ya yafito ta.

Ya ce, "Ƙara, komadre. Shi nakan fi haka yi masa."